Daga dauɗar haƙora zuwa huhun masu mukobisidoz: yadda ƙwayoyin cuta ke gina birnin da magani ke kasa ci

Ranar 30 ga watan Afrilu 2007, mawaƙin Faransa Grégory Lemarchal ya rasu yana da shekara 23, a lokacin da yake jiran a yi masa dashen huhu. Masu kallon tashoshin Faransa za su tuna shi ne ya lashe gasar Star Academy a 2004. Mutuwarsa ta sa jama'a da dama suka fara jin sunan cutar da aka haife shi da ita, wato mukobisidoz, wadda a ƙasashen masu magana da Ingilishi ake kira sistik faiburosis.

Cutar ta gado ce, amma abin da ke kashe galibin masu ita ƙwayoyin bakteriya ne da ke samun wurin zama a cikin huhu, su yi shekaru ba su fita. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Idan aka ɗebo ƙwayar daga kakin maras lafiya aka sa mata antibiyotik a ɗakin gwaji, sau da yawa takan mutu cikin sa'o'i. Idan aka ba maras lafiyan maganin, sai ya ɗan samu sauƙi, bayan ƴan makonni ƙwayar ta dawo. Bayanin wannan al'amari yana cikin bakin kowane mutum, a jikin haƙoransa.

Cutar da ke busar da majina

Likitar Amurka Dorothy Andersen ce ta fara bayyana cutar dalla-dalla a 1938, a birnin New York, bayan ta binciki gawarwakin yara ƙanana. A 1989 masu bincike Lap-Chee Tsui da John Riordan na Kanada, tare da Francis Collins na Amurka, suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, aka sa mata suna CFTR.

Yadda ake gadonta daidai yake da na sikila, wadda ake kira emasi a Nijar. Sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da kuma uba sannan yake kamuwa. Iyayen da kowannensu ke ɗauke da guda ɗaya lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Ta fi yawa a tsakanin mutanen da asalinsu Turai ne, inda kimanin mutum ɗaya cikin 25 zuwa 30 ke ɗauke da ita ba tare da ya sani ba. A Faransa, tun 2002 ake gwada duk jaririn da aka haifa.

Aikin CFTR shi ne ƙera wata ƴar ƙofa a bangon sel, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. Ta wannan ƙofa sinadarin kulorid, wanda ke cikin gishiri, da sinadarin bikarbonat, mai kashe tsami kamar yadda kanwa ke yi a miya, suke fita. Duk inda gishiri ya bi, ruwa na bin sa. A hanyoyin iska na huhu, wannan ruwa ne ke sa majina ta yi laushi, yadda wasu ƙananan gasu da ke jere a bango za su riƙa share ta zuwa maƙogwaro, tare da ƙura da ƙwayoyin cutar da ta kama. Idan ƙofar ta lalace, majinar takan yi kauri ta manne, gasun su kwanta, shara ta tsaya.

Matsalar ba ta tsaya a huhu ba. A yawancin masu cutar, hanyoyin pankiriyas na toshewa, sinadaran narkar da abinci su kasa isa hanji, yaro ya yi ta ci ba ya ƙiba, bayan gidansa ya yi maiƙo da wari. A fata kuwa, jiki na kasa maido gishirin da ke cikin gumi. Tsofaffin Turai suna da wani camfi mai cewa yaron da aka sumbaci goshinsa aka ji gishiri ba zai yi tsawon rai ba. Likita Paul di Sant'Agnese ya tabbatar da yawan gishirin a 1953, kuma daga 1959 gwajin gumi ya zama babbar hanyar gano cutar: idan kulorid ya kai 60 a ma'aunin milimol cikin lita, alama ce mai ƙarfi.

Baƙon da ya shiga ya ƙi fita

Majinar da ta tsaya wuri ɗaya, ga ɗumi ga abinci, gona ce ga bakteriya. A shekarun ƙuruciya waɗanda suka fi kama yaran su ne Staphylococcus aureus da Haemophilus influenzae. Yayin da suke girma, sai wata mai suna Pseudomonas aeruginosa ta karɓe wurin. Wani mai haɗa magunguna na sojan Faransa, Carle Gessard, ya ware ta a 1882, yana neman dalilin da ke sa bandejin masu rauni ke rinewa zuwa shuɗi da kore. Tana rayuwa cikin ruwa, da ƙasa mai laima, da magudanai, da bakin famfo. Ba kasafai take cutar da mai ƙoshin lafiya ba, sai wanda ya ƙone, ko mai tsohon gyambo, ko wanda ke kan na'urar numfashi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa nau'inta mai bijire wa magani a sahun farko na ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna dominsu.

A shekarun 1970, likitan Danmark Niels Høiby, da ke aiki a Kopenhagen, ya lura cewa a cikin kakin masu mukobisidoz ƙwayar ba ta yawo ɗaya-ɗaya. Takan dunƙule ne, dubbai a wuri guda, cikin wani yauƙi da ita kanta ta ƙera. A 1978 masanin Kanada Bill Costerton ya bayyana cewa haka yawancin bakteriya ke rayuwa a duniya, a kan duwatsun rafi, da cikin bututu, da jikin mutum. Wannan tsarin zama shi ake kira biyofim. Duk matar da ke wanke randa ko bidon ruwa ta san shi: santsin nan da ke kama bangon ciki, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa soso an dirje.

A cikin huhu, Pseudomonas takan sauya hali bayan wani lokaci, ta fara fitar da wani sinadari mai danƙo da ake kira aljinat, ta lulluɓe kanta da shi. Ƙwayoyin suna sakin wasu sinadarai da suke gane yawansu da su, kuma idan sun kai wani adadi sukan sauya aiki gaba ɗaya, kamar an buga musu ganga. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Dalilai uku ne ke sa magani ya gaza. Na farko, yauƙin yana riƙe wasu magungunan, ya rage musu saurin shiga. Na biyu, a tsakiyar dunƙulen babu isasshiyar iskar oksijin, don haka ƙwayoyin da ke can sukan lafa kamar masu barci, alhali yawancin antibiyotik suna kashe ƙwayar da ke cikin girma da rabuwa ne. Idan an gama shan magani, masu barcin su farka su sake cika wurin. Gwaje-gwaje sun nuna cewa bakteriya a cikin biyofim na iya jure maganin da ya ninka sau 100 zuwa 1000 abin da zai kashe su a warwatse. Na uku, fararen ƙwayoyin jini da ke zuwa yaƙi ba sa iya haɗiye dunƙulen da ya fi su girma. Sukan kewaye shi su yi ta zuba dafinsu, dafin ya ci naman huhu, su kuma su mutu a wurin, gawarwakinsu su ƙara wa majinar kauri. Da haka hanyoyin iska ke buɗewa su lalace, shekara bayan shekara, har numfashi ya gagara.

Abin da ɗan kasuwar Delft ya gani a bakinsa

Shekara kusan 300 kafin binciken Høiby, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya riga ya ga irin wannan birni. Yana ƙera ƙananan madubai masu ƙara girman abu. A wata wasiƙa da ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ranar 17 ga Satumba 1683, ya bayyana yadda ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya ga ƙananan halittu masu ɗimbin yawa suna motsi a ciki. Ya kuma yi wani gwaji: ya kurkure bakinsa da binigar mai ƙarfi, ya sake dubawa, ya tarar waɗanda ke sama-sama ne kawai suka mutu, na ciki suna nan da ransu. Abin da likitocin huhu ke fama da shi ke nan a yau.

An gano nau'in bakteriya sama da 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam, kuma haƙori ne masaukinsu mafi daɗi. Fata da dasashi da cikin kumatu kullum suna saɓa, su zubar da ƙwayoyin da suka manne musu. Haƙori ba ya saɓa. Mintoci kaɗan bayan an goge shi, sinadaran miyau kan shimfiɗa masa wani siririn rufi, ƙwayoyin farko su kama a kai, wasu su kama a jikin na farkon. Idan aka bar dauɗar kwanaki, ma'adinan miyau su daskarar da ita ta zama tsatsar haƙori mai tauri, wadda sai likitan haƙori ne ke iya kankare ta.

Akwai bambanci guda: a haƙori ƙwayoyin suna manne ne da abu mai tauri, a huhu kuwa suna dunƙule ne a cikin majinar kanta. Amma dabarar kare kai ɗaya ce.

Yadda aka gina haƙori

Don gane ɓarnar da wannan dauɗa ke yi, sai an dubi haƙori ta madubin mikroskop. Hawa uku ne.

Na waje shi ne ɓawon haƙori, émail a Faransanci, abu mafi tauri a jikin mutum. Kimanin kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyom da fosfat. Kaurinsa ya kai milimita 2 zuwa 2,5 a kan turamen haƙora, ya yi siriri a kusa da dasashi. Da ido yana kama da tangaran, amma a madubi miliyoyin ƙananan sanduna ne a jere, kamar karan da aka ɗaure dami-dami, kowanne ya taso daga ciki zuwa waje. Kaurin sanda guda kusan mikromita 5 ne, wato sai an jera goma ko fiye kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. A wasu wurare sandunan suna saƙa da juna, abin da ke hana tsaga ta wuce kai tsaye idan an tauna abu mai ƙarfi.

A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai launin rawaya-rawaya, wanda kimanin kashi 70 cikin 100 nasa ma'adini ne. Cike yake da ƙananan bututu, dubun-dubatai a kowane murabba'in milimita, da suka tashi daga tsakiyar haƙori zuwa ƙarƙashin ɓawo. Leeuwenhoek ɗin nan ya bayyana su tun a shekarun 1670. Akwai ruwa a cikinsu, kuma motsin ruwan ne ke taɓa jijiya ya jawo tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, mai jini da jijiyoyi.

Wasu ƙwayoyin dauɗar, musamman Streptococcus mutans, suna cin sukari su fitar da tsami, kuma da sukarin ne suke ƙera danƙon da suke mannewa da shi. Idan tsamin ya sauko ƙasa da 5,5 a ma'aunin pH, ma'adinin ɓawo ya fara narkewa ta tsakanin sandunan. Miyau na iya wanke tsamin ya maido ma'adinin, amma yauƙin dauɗar yana tsare shi. Mai kurɓar shayi mai sukari tun safe har dare ba ya ba miyau wannan dama. Da ramin ya isa dantin, bututun nan su zama hanya, ɓarna ta yi sauri zuwa ɓargo. Wannan shi ne abin da ake kira tsutsar haƙori, kodayake babu tsutsa a ciki.

Haƙori na ajiye tarihin ƙuruciya

Sel ɗin da ke gina ɓawo, amelobulas, suna aiki ne tun haƙori yana cikin muƙamuƙi. Suna shimfiɗa shi kullum kaɗan-kaɗan, har ana iya ƙirga layukan kwanaki a madubi, kuma a haƙoran nono akwai wani layi na musamman da ke nuna lokacin haihuwa. Da haƙori ya fito, waɗannan sel sun ƙare aikinsu sun ɓace. Shi ya sa ɓawon da ya rame ba ya sake tsirowa, kuma duk abin da ya same shi lokacin gini yana nan har abada.

A nan ne mukobisidoz ta sake haɗuwa da haƙori. Lokacin da ma'adinin ɓawo ke daskarewa yana fitar da tsami, kuma amelobulas na buƙatar bikarbonat don kashe shi. Ƙofar CFTR na cikin masu wannan aiki. Ɓerayen gwaji da aka cire wa ƙwayar gadon sukan fito da haƙoran gaba masu farin alli, marasa ƙwari. A cikin mutane ma, bincike da dama sun sami tabo da raunin ɓawo a masu cutar fiye da sauran jama'a.

Yaran masu mukobisidoz ne kuma suka fara nuna wa duniya illar maganin tetirasikilin ga haƙora. A shekarun 1950 da 1960 ana ba su shi na tsawon lokaci don yaƙar ciwon huhu, sai likitocin Amurka suka lura haƙoransu na fitowa da launin rawaya, ko ruwan ƙasa, ko toka. Maganin yana kama kalsiyom, ya shige cikin haƙorin da ake ginawa. Saboda haka ne ake hana shi ga mata masu ciki da yara ƴan ƙasa da shekara 8. Gargaɗin ya shafi Nijar kai tsaye, inda ake samun kafson nan mai ja da rawaya a hannun masu tallar magani a kasuwanni da tashoshin mota, babu takardar likita.

Jihar Maradi ta ga wani misalin mai ciwo. Sinadarin fuliyor, idan kaɗan ne, yana ƙarfafa ɓawo, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa a ruwan sha, yana lalata aikin amelobulas, kuma mizanin OMS shi ne miligiram 1,5 a lita. A Tibiri, ruwan rijiyar burtsatsen da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya zarce wannan mizani nesa ba kusa ba, yara masu yawa suka tashi da rinannun haƙora, wasu da lanƙwasassun ƙasusuwa. Manyan da haƙoransu suka riga suka gama ginuwa kafin zuwan ruwan ba su sami wannan rini ba.

Magani da aikin hannu

Tunda magani kaɗai ba ya rushe biyofim, likitocin fannonin biyu sun kai ga matsaya ɗaya: a riƙa fasa shi da hannu kullum, kuma a tare shi kafin ya kafu.

A baki, aikin buroshi da asuwaki ke nan. Ruwan kurkure baki ba ya maye gurbinsu, kamar yadda binigar ɗin Leeuwenhoek ya nuna. Sau biyu a rana, musamman kafin barci lokacin da miyau ke raguwa, tare da man da ke da fuliyor a inda ruwan sha ba shi da shi da yawa.

A huhu ba a iya sa buroshi. Madadinsa shi ne tausar ƙirji da atisayen numfashi da mai cutar ke yi kowace rana don fitar da kaki. Ana haɗawa da shaƙar tururin ruwan gishiri mai ƙarfi, wanda ke jawo ruwa cikin majina, da maganin dornase alfa da aka amince da shi a 1993, mai yanka ragowar fararen ƙwayoyin jinin da suka mutu. Antibiyotik irin su tobramisin da kolistin ana shaƙarsu ne, don su isa wurin da ƙarfin da ba za a iya bayarwa ta jini ba tare da cutar da ƙoda da kunne ba.

Cibiyar Kopenhagen ta nuna muhimmancin sammako. Tun shekarun 1980 ta fara raba masu ɗauke da Pseudomonas da waɗanda ba su kamu ba, tana duba kaki a kai a kai, kuma da zarar ƙwayar ta bayyana karon farko sai a far mata da magani kafin ta gina yauƙinta. A wannan mataki ana iya kawar da ita a yawancin lokuta. Idan ta kafu, abin da ya rage shi ne rage mata ƙarfi. Tsoron yaɗa ƙwayoyi a tsakaninsu ne ya sa ake shawartar masu cutar su bar tazarar kusan mita 2 idan sun haɗu.

A zamanin Dorothy Andersen yawancin yaran ba sa wuce shekarun farko na rayuwa. A yau, a Faransa da Amurka, fiye da rabin masu cutar manya ne.

Sabon magani, da waɗanda bai kai gare su ba

A watan Oktoba 2019 Amurka ta amince da Trikafta, wanda Turai ta karɓa a 2020 da sunan Kaftrio. Yana gyara ƙofar CFTR ɗin kanta, majina ta yi laushi, numfashi ya inganta ƙwarai. Duk da haka, a jikin da yawa daga waɗanda Pseudomonas ta riga ta kafu, ƙwayar takan ragu ne kawai, ba ta ɓacewa. Farashinsa a Amurka ya haura dala 300 000 a shekara, wato sama da miliyan 150 na CFA. Kuma an ƙera shi ne musamman don gurɓacewar da ake kira F508del, wadda ta fi yawa a Turawa, alhali an san sauye-sauye sama da 2000 a wannan ƙwayar gado, kuma waɗanda ake samu a ƴan asalin Afirka sau da yawa daban ne.

An daɗe ana ɗaukar mukobisidoz cutar Turawa zalla. Likitoci a Afirka ta Kudu, da ƙasashen Magrib, da Sudan sun tabbatar da ita a yaransu. Gwajin gumi ya yi ƙaranci a yawancin ƙasashen kudu da Sahara, kuma alamominta, wato tari maras ƙarewa, da rama, da gudawa, suna kama da na tamowa da tarin fuka, waɗanda suka fi ta yawa nesa. Auren zumunta yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyin gado iri ɗaya, kamar yadda yake yi a sikila.

Yaron da ke ci sosai amma ba ya ƙiba, mai bayan gida mai maiƙo, wanda ciwon huhu ke yawan dawo masa, an gwada tarin fuka ba a samu ba, kuma uwarsa na jin gishiri a fatarsa ko tana ganin farin gishiri a goshinsa lokacin zafi, ya kamata a kai shi wurin likitan yara a faɗi waɗannan alamomi gaba ɗaya, musamman idan an taɓa rasa wani yaro a gidan da irin wannan ciwo. Saya masa kafso a kasuwa duk lokacin da tarin ya tashi yana kashe ƙwayoyin da ke sama-sama ne, ya bar na ciki suna koyon jure magani, kuma idan tetirasikilin ne, ya bar masa tabo a haƙoran da zai yi rayuwa da su.